Magaribar Ƙarfe Uku

Alhamis, 7 ga Nuwamba 2024, 4:20 na yamma

Ina zaune a soron gidanmu a Fagge, babu wuta tun asuba, wayar Iya tana kan cinyata. Yayata Azeezat ta kira da ƙarfe uku saura kaɗan. Kira na biyu ke nan tun da ta bar Kano ranar Talata 22 ga Oktoba, za ta yi aikatau a wani gida a Jidda. Hajja mai atamfofi ta unguwar Bata ce ta shirya tafiyar. Kiran ranar Alhamis kawai yake zuwa, ta WhatsApp, daga lambar Najeriya ta wani mutumin Hajja da ke can. Minti biyar, sai ya karɓe wayarsa.

Lafiyarta ƙalau, ta ce.

Iya ba ta taɓa hawa jirgi ba, don haka ta cinye rabin lokacin a kansa. "Kin yi amai? Da gaske akwai banɗaki a ciki?" Anti Azeezat ta yi dariya. "Iya, ai jirgi biyu muka hau. Na farko awa biyar. Muka sauka a wani gari mai sanyi, kowa yana shan gahawa, rubutunsu kamar an jera ƙananan kujeru. A kan benci muka kwana. Na biyun, wata 'yar Uganda mai agogo ta ce awa huɗu da rabi." Iya ta ce, "Ikon Allah. Makka da nisa."

Na gama digiri a labarin ƙasa, ina jiran takardar bautar ƙasa. Ba ni da abin yi sai irin wannan. Daga Kano zuwa Jidda kilomita dubu uku da ɗari huɗu ne da 'yan kai. Jirgi ɗaya, awa biyar, in ya yi zagaye shida. Hajja ta ce mana jirgi ɗaya ne. Ina wurin ta faɗa.

Wataƙila tikiti mai araha ne, mai ratsawa ta wani gari. Ana yin haka.

Juma'a, 8 ga Nuwamba, 11:00 na safe

Na ji Iya ta katanga tana gaya wa maƙwabta, "'Yata tana bakin Makka." Rabonta da ɗaga murya haka tun kafin abin da ya sami hannun Anti Azeezat bayan Babbar Salla.

Asabar, 9 ga Nuwamba, 5:15 na yamma

Na je Sabon Gari wurin Onyekachi. Tare muka yi sakandare. Yanzu yana sayar da tikitin jirgi a wani ofis mai ɗaki ɗaya, a saman masu gyaran janareta.

"Farfesa! Tikiti ka zo saya, ko sanyin ofishina ka zo sha kyauta?"

Na ce tambaya ce da ni. Ya ce, "Tun muna aji biyu ba ka taɓa zuwa da wani abu ba sai tambaya. Ko gyaɗa."

Na gaya masa maganar gahawa da rubutu mai kama da kujeru. Ya ce Addis Ababa ce, ba ko tantama, kuma awa biyar daga Kano ya yi daidai. Na ce daga Addis zuwa Jidda fa? Ya juyo min da kwamfutarsa. Awa biyu da rabi. Kilomita dubu ɗaya da ɗari huɗu.

Na ce, "Ta ce huɗu da rabi."

"Wanda ya hau jirgi karon farko, minti ɗaya awa ce a wurinsa. Kakata ta ce daga Kano zuwa Inugu kwana ta yi a sama."

"Mai agogo ce ta faɗa."

Sai ya daina dariya. Ya tambaye ni wa ya yanka tikitin. Na ce ban ga tikitin ba. Ya ce fasfo fa, wace biza aka buga a ciki? Na ce fasfon yana hannun Hajja har ranar tafiya. Ya aika aka sayo min lemo, abin da bai taɓa yi ba.

Litinin, 11 ga Nuwamba, 9:40 na safe

Na ɗauko littafin taswirata, na kafa kamfas a kan Addis Ababa, na buɗe shi daidai tafiyar awa huɗu zuwa huɗu da rabi, wato kilomita dubu biyu da ɗari biyar zuwa da ɗari takwas. Na zana da'ira. Ta bi ta Maskat, ta bi ta Dubai, ta gogi Kuwait, ta bi ta Bagadaza da Beirut. Jidda tana can ciki, kusa da tsakiya, da ƙyar ta kai rabin hanya.

Na goge na sake, ko hannuna ne ya motsa. Bai motsa ba.

Litinin ɗin dai, 6:30 na yamma

Baba Sikiru, ƙanen mahaifinmu, ya zo daga shagonsa na tayoyi a bakin tashar jirgin ƙasa. Iya tana azumin Litinin, ya jira ta sha ruwa sannan ya faɗa. Hajja ta samo wa 'yarsa Basirat wuri ita ma. Ranar Talata 26 ga wata za su tashi, su shida.

Iya ta ɗaga hannu sama. "Alhamdu lillahi. Azeezat ta sami 'yar'uwa. Su riƙa zuwa Harami tare."

Baba Sikiru ya juyo gare ni. "Kai kuma mai digiri, ka yi shiru. Mata suna tsallake teku, kai ko Kaduna ba a kira ka ba."

Na ce, "Allah ya sa alheri, Baba."

Shekarun Basirat sha tara.

Laraba, 13 ga Nuwamba, 2:00 na rana

Na raka Iya awon hawan jini. Ya sauka. Ma'aikaciyar ta ce duk abin da take yi ta ci gaba da yi.

Alhamis, 14 ga Nuwamba, 3:25 na yamma

Zan rubuta shi yadda ya faru.

Kiran ya shigo 2:58. Na duba agogon waya, na duba na bango. Lafiyarta ƙalau, ta ce. Iya ta tambayi hannunta na hagu, ta ce ya warke tun kafin ta tafi, a daina tambaya. Iya ta ce, "Kina azumin Alhamis ɗinki kuwa?" Ta ce tana yi. Sai na ji kiran salla a bayanta, da nisa, daga lasifika. Anti Azeezat ta ce, "Kin ji ma, Iya, an kira magariba. Bari in sha ruwa. Ku kam da sauranku."

Iya ta yi dariya har da tafi. "Ta riga ni! Garin Manzo kowane abu da wuri yake."

Agogo ya ce 3:02.

Jidda tana gaban Kano da awa biyu. Na duba jadawalin salla na yau. Rana tana faɗuwa a Jidda 5:42 nasu, wato 3:42 namu. Minti arba'in. Babu ladanin da zai kira magariba rana tana sama da minti arba'in, mutane su sha ruwa.

Juma'a, 15 ga Nuwamba, 7:10 na safe

Ban karya ba.

Asabar, 16 ga Nuwamba, 10:30 na safe

Faɗuwar rana ranar Alhamis da agogon Kano, a garuruwan da da'irar ta taɓa. Maskat 2:21. Dubai 2:31. Kuwait 2:54. Bagadaza 3:01. Beirut 3:35.

Na karanta cewa a wasu masallatan can ana jinkirta kira kamar kwata bayan faɗuwar rana. In haka ne, Basra ma tana iya shiga, ko wani gari da ban san sunansa ba. Ban sami tabbacin akwai jirgi kai tsaye daga Addis zuwa can ba. 'Yar Ugandan tana iya yin kuskure. Ni ma ina iya yi.

Amma ba Jidda ba ce. Wannan kam ba na iya yin kuskure a kai.

Iya ta leƙo ta ga takardu a kan tabarma. "Har yanzu jarrabawa? Ba ka gama ba?" Na ce ta bautar ƙasa ce.

Litinin, 18 ga Nuwamba, 1:15 na rana

Na je Bata. Hajja tana kan kujera a ƙofar shagonta, tana cin dafaffiyar gyaɗa, wata mata tana taya atamfa.

"Ɗana Abdulmalik! Yaya Iya? Yaya jinin?"

Na gaishe ta, na durƙusa yadda ya kamata. Na ce adireshin gidan da Anti take nake so, akwai wanda zai tafi Umara, Iya tana so ta ba da saƙon barkono da elubo, garin doya.

"Larabawa ba sa son baƙi a ƙofar gida. Kawo saƙon, ni zan aika."

Na ce to sunan unguwar kawai.

"Unguwa? Jidda ai duk ɗaya ce, ɗana. Ba Fagge da Sabon Gari ba ce."

Ban yi niyyar faɗa ba. Na ce, "Hajja, ƙarfe uku da minti biyu ta sha ruwa."

Ta ci gaba da ɓare gyaɗarta. Ta ce wa mai tayin atamfa ta dawo anjima. Da matar ta tafi ta matso da kujerarta.

"Ka san yara nawa na fitar daga garin nan? Ka san yadda yayarka ta zo min, da wane hannu? Kai kana ina a ranar? Kana makaranta kana auna ƙasa." Ta watsar da ɓawon. "Wayar nan ta Alhamis alfarma ce. Ba kowa ake yi wa ba. Mutumina yana barin aikinsa, ya shiga mota, ya je har gidan. In ya ji ana surutu a Kano, sai ya ce ya gaji. In ya gaji, ni ba ni da yadda zan yi. Ka gane?"

Na ce na gane.

"Yauwa. Mai ilimi ba ya wahalar fahimta. Ka gaida Iya. Ka ce wa Basirat ta zo a gwada mata abaya."

Ta ba ni gyaɗa a hannu. Na karɓa. Har na iso Titin Ibrahim Taiwo tana cikin hannuna.

Talata, 19 ga Nuwamba, 4:45 na yamma

Basirat ta zo Iya ta yi mata kitso. Tana zaune tsakanin ƙafafun Iya, kanta a karkace, tana yi min magana.

"Yaya Malik, awa nawa ne a jirgin?"

"Zuwa ina?"

"Ji shi! Zuwa Wudil. Jidda mana."

Na ce biyar.

"In na je zan turo maka turare, ko ka samu mata. Wannan fuskar taka ta jadawali ba za ta kawo kowa ba."

Iya ta buge ta da mataji, suka yi ta dariya. Ni ma na yi.

Abin da na gaya mata gaskiya ne. Daga Kano zuwa Jidda awa biyar ne.

Laraba, 20 ga Nuwamba, 12:00 na rana

In na yi magana, Alhamis ta mutu. In na yi shiru, Talata tana zuwa.

Alhamis, 21 ga Nuwamba, 3:40 na yamma

Ta kira. Lafiyarta ƙalau, ta ce.

Iya ta yi mata albishir Basirat tana tafe ranar Talata, ta tambaye ta ko ta ga Ka'aba. Ta ce ba a fita tukuna, sai an saba. Ta ce ana sanyi da safe, matar gidan ta ba ta tsohuwar rigar sanyi. Iya ta ce, "Sanyi a Makka? Duniya ta canza."

Na karɓi wayar. Na ce, "Anti, in kin leƙa taga, kina ganin teku? Lambar motoci wace iri ce?" Ta ce tagar kicin tana kallon katanga. Na ce kuɗinsu fa, hoton me ke jiki? Ta ce ba ta riƙe kuɗinsu ba tukuna. Sai muryar namiji ta ce da Hausa, "Lokaci."

Kafin ya karɓa ta faɗi abu ɗaya da Yarbanci, da sauri, a kan Basirat. Kalma huɗu, gargaɗi ne. Iya tana neman mayafinta, ba ta ji ba.

Ba zan rubuta su a nan ba.

Asabar, 23 ga Nuwamba, 5:00 na yamma

Onyekachi ya rufe ofis da wuri, muka zauna a matakala. Ƙarar janaretocin ƙasa ta sa sai mun ɗaga murya.

Ya ce akwai hukumar da ke bin masu safarar mutane, zai raka ni. Na ce in na je, Hajja za ta ji. Ya ce za ta ji. Na ce to Iya fa? Ya ce, "Farfesa, ni tikiti nake sayarwa. In ka ce min daga ina zuwa ina, in gaya maka awa nawa. Wannan ba ya cikin kwamfutata."

Daga baya ya ce, "Da Chidinma ce, ƙanwata, da na ɗaure ta a ƙafar gado ranar Talata. In ya so ta tsane ni har ta tsufa."

Na ce Chidinma ba ta da yaya a can.

Ya ce haka ne.

Lahadi, 24 ga Nuwamba, 11:20 na safe

Na je shagon Baba Sikiru da littafin taswira a leda. Yana zaune a kan taya yana shan shayi. Na buɗe, na nuna masa da'irar, na fara da kilomita.

Ya ture littafin. "Zanen makaranta ka kawo min? An yi wa 'yata abaya, an yi sallama da dangi har Ilori, kai ka zo da fensir. Hassada ce, Abdulmalik? Don kai ba ka tafi ko'ina ba?"

Na ce a'a, Baba.

"To mene ne?"

Na rufe littafin. Na ce Anti tana azumin Alhamis. Ranar sha huɗu ga wata ta sha ruwa muna kan waya, na ji ladan da kunnena, a nan uku da minti biyu. A Jidda ranar sai huɗu saura sha takwas.

Ya ajiye kofin. Ya yi aikin Hajji, kuma mutum ne da ba ya wasa da lokacin shan ruwa. Na ga yana lissafi da leɓɓansa.

"Azeezat ba za ta karya azumi da rana ba," ya ce.

Na ce ba za ta karya ba. Inda take ne rana ta faɗi.

Sannan na gaya masa kalmomin nan huɗu. Wani ya zo neman taya, ya ce babu, ga su jibge a bayansa.

"Uwarka ta sani?"

"A'a."

"Ka san abin da zai biyo baya in na hana yarinyar?"

Na ce Hajja ta gaya min.

"Kuma ka zo."

Ya ce in tafi gida.

Talata, 26 ga Nuwamba, 8:30 na safe

Basirat ba ta tafi ba. Biyar sun tafi.

Laraba, 27 ga Nuwamba, 4:00 na yamma

Na haɗu da Basirat a bakin layi, ta tsallaka ɗaya gefen. Ta tsefe kitson.

Alhamis, 28 ga Nuwamba, 6:20 na yamma

Iya ta sa wayar a caji tun safe a shagon mai aski. Ƙarfe biyu ta shimfiɗa tabarma a soro, ta ajiye wayar a gabanta. Uku ta yi. Ta ce agogon bango yana gudu. La'asar ta yi, ta yi salla a wurin, wayar tana gefen darduma. Ta ce in duba ko kati ya ƙare. Bai ƙare ba. Ta ce in duba ko sabis ne. Na kira lambar, ba ta shiga. Hoton da ke kanta ya ɓace.

Aka kira magariba a masallacin layinmu, shida saura biyu. Ta riƙe kofin ruwa ba ta sha ba sai da na ce, "Iya, an kira."

Asabar, 30 ga Nuwamba, 10:00 na safe

Shagon Hajja a kulle. Maƙwabcinta ya ce ta tafi saro kaya. Na ce ina? Ya ce, "Dubai, ko Kwatano, wa ya sani."

Lahadi, 1 ga Disamba, 5:30 na yamma

Baba Sikiru ya zo ya shiga ɗakin Iya, suka rufe ƙofa. Ban ji kuka ba. Da ya tafi ta kira ni.

"Kawo littafin nan naka."

Na kawo. Ta ce in nuna mata Kano. Na nuna. Makka. Na nuna. "Ita kuma fa?" Na ɗora yatsa a kan Bagadaza, na ce ina zato ne kawai, Iya, ban tabbata ba. Ta ɗora babban yatsanta a Makka, manuninta a inda na nuna. Ba su ko buɗe sosai ba.

"Ai ba nisa," ta ce.

Na ce kilomita dubu ɗaya da ɗari huɗu ne.

Ban san abin da ya sa na faɗa ba.

Ta rufe littafin a hankali ta miƙo min. "Tun yaushe ka sani?" Na gaya mata. Ta ce, "Ka bar ni ina gaya wa mutane." Ba ta ce na yi daidai a kan Basirat ba, ba ta ce na yi kuskure ba. Ta ce in ɗauko mata maganinta.

Talata, 3 ga Disamba, 2:30 na rana

Mun je ofishin hukumar da Onyekachi da Baba Sikiru. Matar da ta saurare mu tana da kirki. Ta rubuta komai, har da lokacin kiran sallar. Ta ce ba mu ne na farko ba. Ta tambayi sunan ƙasar, na ce ina zaton Iraƙi. Ta ce zato ko sani? Na ce zato.

Alhamis, 5 ga Disamba, 4:10 na yamma

Iya tana soro da wayar. Uku ta wuce.

Matar ofishin ta ce in rubuto mata duk abin da ba mu sani ba, don su san inda za su fara. Zan fara a nan kafin in kwafa mata.

Sunan garin.

Sunan mutanen gidan, da ko har yanzu gidan take.

Sunan mutumin da ke kai wayar. Hausarsa ta Kano ce, iyakar abin da na sani ke nan.

Inda fasfonta yake.

Ko 'yar Ugandan gari ɗaya aka kai su.

Inda biyar ɗin ranar Talata suka sauka, da ko iyayensu suna samun kiran Alhamis.

Ko an gaya mata dalilin da ya sa aka daina kawo wayar, ko tana zaton mu ne muka daina ɗauka.

Wane gefe take fuskanta in za ta yi salla. Mutumin Jidda gabas yake kallo. In inda nake zato take, alƙibla tana kudu.

Ko ita kanta ta san ba a Jidda take ba.